Gwajin halayya ya ce ni da wanda zan aura ba mu dace ba, in fasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce, na ma yi kwas ɗin share fage na ilimin halayyar ɗan'adam. Wata mai ba da shawarar aure a intanet ta sa ni da wanda zan aura mun cike wani gwaji, ta ce ni melankolik ce (wai mai yawan tunani da baƙin ciki) shi kolerik (wai mai zafin rai), wai zamanmu ba zai ɗore ba, kuma wai ina da ciwon damuwa sai na shiga ajinta na kuɗi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne bayanin da ta turo ya yi daidai da ni sak kamar ta san ni. Barci ma ya gagare ni. In fasa ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, kar ki fasa aure saboda wannan takardar. In akwai dalilin fasawa to a halin mutumin da kika gani da idonki za ki same shi.

Shi wannan rabon gida huɗu na melankolik da kolerik da sauran, tsohon tunanin likitocin Girka ne irin su Hippocrates da Galen, da suka ɗauka ruwa huɗu ne ke juya jiki: jini, majina, da ruwan maɗaciya iri biyu, wai wanda ya rinjaya a cikinsu shi ke tsara halin mutum. Likitanci ya yar da shi tuni. Kin san daga kwas ɗinku cewa halaye awo ne mai hawa da sauka, yawancin mutane a tsakiya suke, ba akwati ba ne da za a jefa mutum a rufe.

Amma inda nake so mu tsaya shi ne maganarki ta "ya yi daidai da ni sak", don wallahi kusan kullum sai na ji ta, kuma ita ce ƙofar da 'yan damfara ke shigowa. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa gwaji, daga baya ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga sakamakonka kai kaɗai. Ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da su, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Alhali takarda ɗaya ce tak ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto yawancin jimlolin. Irin su kana so mutane su so ka, kana da baiwar da ba ka gama amfani da ita ba, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce. To waye ba haka yake ba? Ke da kanki kike cike gurbin, kina karantawa ƙwaƙwalwarki na zaƙulo ranar da kika yi kuka ke kaɗai a ɗaki ta ce ai ga shi, layin da bai dace ba kuma ta tsallake shi ko a jikinta. Ba wauta ba ce, haka kan kowa ke aiki har nawa, shi ya sa kimiyya ba ta karɓar "na ji a jikina" a matsayin hujja.

Ki gwada da kanki. Goge sunanki daga bayanin, tura wa ƙawayenki uku kowacce ki ce nata ne, ki ji me za su ce. Sannan ki tambayi matar, me zai faru da zai nuna gwajin nan ya yi kuskure? In kun zauna lafiya za ta ce shawararta ce ta yi aiki, in kun rabu ta ce dama na faɗa, to maganar da ba yadda za a yi a ƙaryata ta ba kimiyya ba ce, abin da masanin falsafar kimiyya Karl Popper ya yi ta nanatawa kenan. Mu a fanninmu na ilimin halayyar ɗan'adam ana kama mu da kuskure, a 2015 masu bincike sun sake gwada nazari 100 da aka riga aka wallafa, ƙasa da rabi ne suka sake ba da sakamako irin na farko, kuma mu da kanmu muka fito muka faɗa wa duniya. Yaushe kika taɓa jin mai ajin kuɗi ta fito ta ce gwajina ya gaza?

Abin da ke ƙona min rai shi ne ɓarnar ba a aure kaɗai take tsayawa ba. Mutum ya kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok ya liƙa wa matarsa ko mahaifinsa sunan cuta. Wani kuma ciwon damuwar gaske ke cinsa, an ce masa ai ɗabi'arka ce ta melankolik sai haƙuri, ya zauna a gida shekara da shekaru, wani ma ya ajiye maganin da likita ya ɗora shi a kai. Ku masu wannan sana'ar ku ji tsoron Allah, rayuwar mutane ce a hannunku, takardar shaidar horon kwana uku ba ta ba ku lasisin sa wa kowa sunan cuta ba.

Batun ciwon damuwa da ta ce kina da shi, ba a gano shi da tambayoyin waya kaɗai. Sai an zauna da ke, a ji tarihi, a ga ko baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya ɗauki aƙalla sati biyu yana hana ki harkokinki, a duba ko ƙarancin jini ne ko matsalar tayirod (wata gaɓa ce a gaban wuya), don su ma suna kawo irin wannan kasalar. In rashin barcin nan ya wuce sati biyu, ko abinci ya fita ranki, je ki ga likita ko ƙwararren masanin halayya mai lasisi. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kar ki jira sati biyun, yau ɗin nan ki gaya wa wani na kusa ya raka ki asibiti.