Amsar Kawu kan nauyin kilorin

Assalamu alaikum, ɗana. Na karanta saƙonka, inda kake tambayar dalilin da ya sa masana sinadarai suka saba rubuta nauyin ƙwayar zarrar kilorin 35.5, alhali furoton da niyutiron, wato ƙananan ɓangarorin da ke tsakiyar ƙwayar waɗanda su ke ba ta nauyi, ba sa zuwa rabi-rabi, har kana zargin ko al'ada ce kawai da malamai suka gada ba hujja.

Al'ada ce, amma tana da tushe. Babu ƙwayar kilorin ko ɗaya mai nauyin 35.5. Iri biyu ne gauraye, waɗanda ake kira aisotof: kowanne yana da furoton 17, sai dai ɗaya yana ɗauke da niyutiron 18, ɗayan kuma 20, wato nauyi 35 da 37. Duka biyun suna cikin gishirin miyar gidanku, kuma cikin kowace ƙwaya huɗu, kusan uku masu 35 ne. Idan ɗan kasuwa a Tudun Hatsi nan Gombe ya sayi buhun masara uku a kan dubu 35 kowanne, ya ƙara ɗaya a kan dubu 37, ba zai ce buhu ya zo masa a dubu 36 ba, domin masu sauƙin sun rinjaya. Zai tara dubu 142 ya raba huɗu, ya sami 35.5. Da yake ainihin rabon ya kusa kashi 75.8 da 24.2 cikin ɗari, kuma ainihin nauyin irin biyun ya ɗan gaza 35 da 37, lambar da ta fi daidai ita ce 35.45.

Ba kai ka fara tuntuɓe a nan ba. A 1815 wani masanin sinadarai, William Prout, ya ce nauyin kowane sinadari ninki ne na nauyin haidirojin, amma kilorin ta ƙi shiga lissafinsa, aka zauna a haka har wani masani, Francis Aston, ya ƙera na'urar rarrabe ƙwayoyi bisa nauyinsu a 1919 a Ingila, ya tabbatar da cewa cakuda ce.

Tun 1961 ake gwada kowane nauyi da kabon-12, wato aisotof ɗin kabon mai nauyi 12, amma shi kansa kabon ana rubuta masa 12.011, saboda kusan kashi ɗaya cikin ɗari nasa kabon-13 ne. A ganina daidai aka yi da aka riƙe matsakaicin, tunda mai awo a ɗakin gwaji cakudar yake ɗorawa a sikeli, ba zai iya tsince iri ɗaya da hannu ba.

Naka,
Kawu