Abin da ba a sawa a tirelar fim

Ka ce in gaya maka yadda ake yanka tirela, wato gajeren tallan fim, ta ja mutane, da abin da ke sa jama'a su ajiye harkokinsu su zauna gaban talabijin kullum saboda fim mai dogon zango. Kai yaro, da ba don tambayar nan ta fama mini wani tsohon miki ba, da cewa zan yi ka koma kujerarka ka ci gaba da kallon hannuna. Maganar jera hotuna da daidaita sauti kuwa ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai iya wannan ba me ya kawo shi ɗakin tace fim?

Tambaya kake sayar wa mai kallo. Ka dasa masa ita a zuci, ka hana shi amsa, shi zai biyo ka da ƙafarsa. A watan Maris na 1980 masu shirin Dallas a Amurka suka rufe zango da harbin J.R., ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan labarin, ba su nuna hannun da ya harba ba. Sai Nuwamba aka faɗi wanda ya yi, kuma daren nan mutum fiye da miliyan 80 ne suka zauna kallo a Amurka kaɗai. Wata takwas ana riƙe da su da tambaya ɗaya tak.

Tun asali don haka aka ƙirƙiro irin waɗannan shirye-shirye. A shekarun 1930 kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne ke ɗaukar nauyinsu a rediyo, bukatarsu matan gida su tsaya har a kai ga talla, gobe ma su dawo. Shi ya sa kafin a tafi talla ake barin ƙaramar magana a rataye, ƙarshen shiri a bar wadda ta fi ta, ƙarshen mako a bar babba. Kuma ba a saƙa labari da zare ɗaya. Uku ne ko huɗu, kafin rikicin gado ya mutu an hura na aure, don kada a sami ranar da mai kallo zai ce to shi ke nan, na ga ƙarshe. Da wannan dabara shirin Guiding Light na Amurka ya rayu daga 1937 har 2009. Sai abu ɗaya da ku ba ku lura da shi: a bar mai kallo ya san sirrin da jarumi bai sani ba. Mutum na iya jure rashin sani, amma ba ya iya jure ya sani alhali wanda abin ya shafa yana ta dariya da maƙiyinsa.

Wani furodusa ya taɓa kawo mini fim, labarin mutumin da ke neman wanda ya kashe ɗan'uwansa, sai can ƙarshe a gane ɗan'uwan yana raye, shi ne ma ke kitsa komai. Fim ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, wannan juyin ne kaɗai jarinsa. Na zauna na yanka masa tirela ta minti ɗaya da rabi wadda har yau ban yi kamarta ba. Na buɗe da kabari, na bi da wayar da ke ƙara cikin dare ba a magana, na janye kiɗa gaba ɗaya a daidai inda jarumin ya buɗe ƙofa fuskarsa ta sauya, na yanke zuwa baƙi. Abin da ya gani a bayan ƙofar ban nuna ba.

Mutumin nan ya kalla, ya miƙe tsaye yana tafi. Ya ba ni ɗan kafin alƙalami tun farko, saura sai aiki ya kammala. Ya ce in tura masa mai tsabta, ba tambarina a kai, wai masu zuba jari zai nuna wa, tambarin zai ɓata musu kallo. Ya rantse, ya kira ni babban yaya. Na tura masa, daga ranar wayarsa ta daina shiga. Ana nan sai ga tirelata a intanet, an ƙara mata daƙiƙa ashirin a wutsiya. Ashe wani yaro ya kai wa, irinku masu kwamfuta a jaka, ya ce masa ai mutane na son su ga babban jarumi. Yaron ya buɗe ƙofar da na rufe, ga ɗan'uwan a zaune da ransa yana murmushi, har an sa masa ƙarar tsawa.

Wa zai biya kuɗi ya je ganin abin da aka riga aka gaya masa kyauta? Fim ya kwanta. Ban ga sauran kuɗina ba, wannan ma da sauƙi. Abin da ke ci mini rai, ya bi abokan sana'a yana cewa ni na yanka tirelar da ta kashe masa fim. Ayyukan da aka yi mini alkawari suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa haɗuwa da shi a wani taro, ya miƙo mini hannu yana washe baki kamar ba shi ba.

Ku 'yan yanzu duk halin yaron nan gare ku. Duk fitowar da ta yi kyau sai kun cusa ta, duk daƙiƙa biyu sai an buga gum, shiru kuwa tsoronsa kuke ji. A 1960 darakta Alfred Hitchcock ya yi wa fim ɗinsa Psycho tirela ta fiye da minti shida, shi kaɗai yana zagayawa da masu kallo cikin gidan da labarin ya faru, ya fara magana ya katse ya ce abin ya yi muni ba zai faɗa ba. Na san zamani ya sauya, a YouTube bayan daƙiƙa biyar mutum zai iya tsallake ka, saboda haka fuska ko maganar da ta fi kama zuciya ita ce farko, ba tambarin kamfani ba. Amma saurin buɗewa bai ba ka izinin zazzage buhu ba. Kashi na ƙarshe na fim haramun ne a tirela. Kada kuma ka yi ƙarya, ka sayar da fim ɗin kuka a matsayin na faɗa, sau ɗaya za su yarda da kai.

Ɗauki fim ɗin da ke kan tebur, ka rubuto mini tambayar da ke cikinsa a layi ɗaya kafin ka taɓa kwamfuta. In ka rubuto layi biyu ka koma. Kuma duk abin da zai fita daga ɗakin nan kafin a gama biya, da tambari a tsakiyar hoto zai fita, ko da kawunka ne ya kawo aikin.