Zanzibar: Ina Ne Bakin Tekun da Babu Hayaniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun daɗe muna tari domin mu je mu ga teku, don iyakar ruwan da muka sani kogin Isa ne. An ba mu shawarar Zanzibar. Ba ma son wurin kiɗa da cunkoso, kuma dukanmu ba mu iya iyo ba. Wane gefe za mu nufa, yaya kuma za mu zaɓi ƙaramin masauki? Daga wata mai karatu a Bukoki, Yamai.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya sa albarka a wannan tari. Wanda ya ba ku shawarar bai yi kuskure ba. Zanzibar yanki ne na Tanzaniya a cikin Tekun Indiya, mafi yawan mutanensa Musulmi ne, abincin halal da masallaci ba za su yi muku wuya ba. Babban tsibirin sunansa Unguja, kuma ni gabashinsa zan tura ku: Jambiani, Bwejuu, ko Matemwe. Nungwi da Kendwa a arewa suna da kyau, amma can ne manyan otel da kiɗan dare suka taru. Paje ma ku tsallake ta, domin matattarar samari ce masu wasan lema a kan ruwa idan iska ta taso.

Sai dai shirun gabas yana da dalili, kuma dole ku san shi kafin ku biya ko dala. Ruwan wannan gefe ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu a kwana guda yake cika, sau biyu yake janyewa, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa. A Jambiani idan ya janye yakan yi nisan da ya kai kilomita ko fiye, sai ki ga farin yashi da ƴan kududdufai har can inda igiyar ruwa ke fashewa a kan duwatsun murjani. Kin san yadda yashi ke fitowa a tsakiyar Isa da bazara? To haka, amma a nan kullum ne. Hoton da masu masauki ke nunawa, ruwa shuɗi har gindin matakala, na lokacin cika ne. Masu son iyo daga safe har yamma shi ya sa suke gudu arewa, inda bakin ruwan ke da zurfi, su bar muku gabas.

Ga wanda bai iya iyo ba, wannan alheri ne. Duwatsun murjanin nan su ke karya ƙarfin igiya tun daga nesa, ruwan da ke isowa gaɓa kwantacce ne, mai ɗumi.

Jan da wata ke yi wa ruwan teku ne ke tafiyar da abin, don haka lissafin watan Musulunci ya fi na Bature amfani a nan. Ƴan kwanaki bayan tsayuwar wata, da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida ga wata, ruwan ya fi janyewa da nisa, ya fi kuma cika. A waɗannan ranaku janyewar kan faɗo da hantsi, cikar kuma wajen la'asar. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, motsin kaɗan ne. Kowace rana lokacin yana jinkiri da kusan minti 50, saboda haka kada ku yi aiki da agogon jiya. Ku tambayi jadawalin ruwa a masauki kowace safiya.

A nan zan ja kunne, da gaske nake. Idan kuka taka yashi kuka yi nisa, ku juyo tun ruwa bai fara dawowa ba, domin ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba, yana bin kwaruruka ya cika su ta bayan mutum. Ku tafi da ɗan gari. Ku sa takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda akwai wata ƴar halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke maƙalewa jikin duwatsu, ƙayarta tana karyewa a cikin nama. Kwalekwale kuwa, ko ngalawa ne, irin nasu mai itace biyu a gefe don kada ya kife, kada ku hau sai da rigar hana nutsewa.

Lokacin janyewar ne ma za ki ga abin da na fi so a wannan gaɓa. Mata na fitowa da zane da ɗankwali, su zauna cikin ruwa iya gwiwa, suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyin da aka ja tsakanin turaku, su kwashi wadda ta nuna su kai ta shanya. Tun 1989 aka fara wannan noma a Jambiani da Paje, kuma da shi mata da yawa ke riƙe gida. Ba mai kallon ki don kin shiga ruwa da suturarki. Gonarsu ce, a bi gefe, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoto.

Batun masauki, wanda ɗakunansa ba su da yawa ya fi muku. Ku rubuta musu kafin ku biya, ku yi tambaya dalla-dalla. Ɗakin yana bakin ruwa ne ko a bayan titi? Akwai gidan sauro da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki? Akwai injin wuta idan an ɗauke? Ruwan wanka mai daɗi ne ko mai gishiri-gishiri? Ana sayar da giya, ana kiɗa da dare, ko maƙwabta na yi? Yawancin masaukan baƙi suna sayar da giya ko da masu aikin Musulmi ne, don haka kada ki ji nauyin tambaya. Ki nemi su turo hoton bakin ruwan da ke gaban masaukin lokacin da ruwa ya janye. Mai gaskiya zai turo. Ki tafi da butarki. Alƙibla kuma a can arewa take, ba gabas ba kamar yadda muka saba, kada maigida ya ga rana ta ɓullo daga teku ya shimfiɗa darduma ta nan.

Ku guji Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina ne. Yuni zuwa Oktoba babu ruwan sama sosai, zafi da sauƙi, sai dai Yuli da Agusta Turawa na hutu. Da ni ce, Satumba ko farkon Oktoba zan zaɓa.

Daga filin jirgin Diori Hamani, Ethiopian Airlines na bi ta Adis Ababa zuwa Zanzibar, daga nan mota awa ɗaya da wani abu zuwa Jambiani. Agogonsu na gaba da namu da awa 2. Ku nemi biza ta intanet tun da sauran makonni, kada ku dogara da samunta a filin jirgi, kuma kada ku yanki tikitin da ba a canja masa rana kafin ta fito. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 hukumomin tsibirin sun wajabta wa baƙi inshorar tafiya, dala 44 ta Amurka ga babban mutum. Sefa ba ta da kasuwa a can. Ku canja ta zuwa Yuro ko dalar Amurka tun a Yamai, idan kun sauka ku sayi shilin Tanzaniya a filin jirgi ko cikin birni, domin a ƙauyukan gabas wurin canji ba shi da yawa.