Ta Wace Ƙofa Malama Take Shiga Gidan Ɗaliba?

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce an ba ki ofishin ba ɗalibai shawara a makarantar 'yan mata, wata 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare ta daina zuwa, kina tambaya ko ya dace ki rubuta wa mahaifinta takarda.

Kada ki fara da takarda. A cikin gari, takardar makaranta kamar sammaci ce. Uba zai ga an taɓa mutuncinsa, ya ce to ta zauna gaba ɗaya.

Buɗe rajista tukuna, ki duba yadda fashin ya faro. In kwana uku zuwa biyar ne kowane wata, haila ce, maganinta audugar mata a durowarki da banɗaki mai ƙofa da ruwa. In makara ce kullum, ki zargi talla ko kuɗin adaidaita. Bulalar bakin ƙofa ba ta gyara ko ɗaya.

Sannan ki je gidan bayan la'asar, ban da Juma'a, tare da dattijuwa daga kwamitin iyayen yara. Ki yi sallama, ki gaisa a natse, ki sha ruwan da aka kawo. Ki bincika ko 'yar fari ce. In ita ce, uwar ko sunanta ba za ta kama ba, balle ta tsaya mata a gabanki. Kunya ce, malamai matasa sukan ɗauka rashin kulawa ne, su fita da fushi. Nemi kaka ko goggo ko uwar riƙo, can maganar take. Maigida kuwa ba ke za ki tare shi ba, mai unguwa ko limaminsu ne zai same shi a zaure.

In maganar aure ce, kada doka ta zama kalmarki ta farko, ko da yake dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBE) ta 2004 ta wajabta karatu har aji uku na ƙaramar sakandare, Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Roƙi a jinkirta, ko a sa sharaɗin ci gaba da karatu kafin a sa rana. In lallami ya ƙi, shugabar makaranta ce za ta ɗauko doka.

Abin da yarinya ta faɗa miki kada ya shiga ɗakin malamai. Banda fyaɗe ko dukan da ya yi rauni: wannan a ranar za ki kai wa shugaba, a kai ta asibiti, ko da dangi sun ce a rufa asiri.