Yaya, Ga Dalilin Da Ya Sa Yaranmu Ke Musu Kan Wadda Za Ta Fito A Storm

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Anti da yara, da Inna da ƙarfin jikinta.

Ka tambaye ni me ya shiga kan 'ya'yanmu na nan, kullum ka leƙa zauren dangi na WhatsApp sai ka tarar suna jefa hotunan 'yan fim, wannan ya ce wance ce ta dace, waccan ta ce sam ba ita ba, a kan matsayin wata gwarzuwa mai suna Storm a fim ɗin da bai ma fito ba. Har ka ce anya ba mu sake musu da yawa ba. Ba gidana kaɗai ba ne. Kusan duk gidan Bahaushe a nan Bronx, ɗan Kano ne ko ɗan Maraɗi ko ɗan zangon Kumasi, hirar da ke bakin yara ke nan, don haka bari in warware maka.

Fim ɗin da suke jira na X-Men ne. Wani ayari ne na gwarzaye a littattafan labarin zane na kamfanin Marvel, Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro su a 1963. A labarin, mutane ne da aka haifa da wata baiwa ta daban, wani yana karanta abin da ke zuciyar mutum, wani rauninsa yana warkewa nan take, kuma jama'ar gari na tsoronsu, suna ƙyamarsu saboda yadda aka halicce su. Kamfanin Fox ne ya riƙa yin finafinansu tun daga 2000, har Disney ya saye shi a 2019 kan kusan dala biliyan 71, sai ikon yin fim da su ya dawo hannun Marvel. Shugaban sashen finafinan Marvel, Kevin Feige, ya ce sababbin 'yan wasa za a ɗauko. Ka ga ke nan gurabe sun buɗe, kowa da wanda yake so a ba. Kai da kanka ka san yadda majalisarku take idan aka buɗe kasuwar 'yan ƙwallo a Turai, kowa ya zama koci, kowa ya san ɗan wasan da ya kamata Arsenal ta saya. To irin wannan ne, sai dai su a kan fim suke yi.

Kamfanin kuwa ya san darajar wannan musu, shi ne ma yake hura wutar. A watan Maris na 2025, da za su bayyana waɗanda za su fito a Avengers: Doomsday, ba takarda suka fitar ba. Kamara suka kafa kai tsaye a intanet, suna jera kujeru ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan ɗan wasa a bayanta, aka shafe fiye da awa biyar kafin a kai suna 27. Miliyoyin mutane suka zauna suna kallon kujeru. Talla ce da masoya ke yi musu kyauta, kuma akwai masu tashoshin YouTube da abincinsu ke nan, su ce wata majiya ta tsegunta musu an ba wane, gobe su ce an fasa. Wannan ɓangaren muna nuna wa yara shi a fili, su san cewa akwai mai cin riba da zumuɗinsu, kuma su daina ɗaukar kowace jita-jita tamkar labarin rediyo.

Wani lokaci ana jin maganar masoyan, wani lokaci a yi biris da ita. Shekara da shekaru suna kiran a ba John Krasinski matsayin Reed Richards, jagoran Fantastic Four, wani ayarin gwarzayen Marvel. A 2022 aka sa shi ya fito a haka na 'yan mintoci a fim ɗin Doctor Strange, aka kashe shi a nan, sannan da aka tashi yin fim ɗin ayarin sai aka ba Pedro Pascal, aka sanar a watan Fabrairun 2024. Hugh Jackman kuma, da aka ɗauke shi Wolverine na X-Men, ba shi aka fara zaɓa ba, Dougray Scott ne, aikin wani fim ya riƙe shi. Masu karanta littattafan suka ce Jackman ya yi tsawo, domin Wolverine gajere ne a zane. Yau ga shi fiye da shekara ashirin yana fitowa a matsayin, har da wuya a raba su.

Duk wannan shimfiɗa ce. Inda maganar take taɓa mu, musamman mu masu 'ya'ya mata, shi ne Storm, ɗaya daga cikin 'yan ayarin X-Men.

Sunanta Ororo Munroe a labarin. Ta fara fitowa a 1975, Len Wein ya rubuta, Dave Cockrum ya zana. Uwarta 'yar sarauta ce daga Kenya, ubanta baƙar fata ne ɗan Amurka mai ɗaukar hoto. An haife ta a Harlem, unguwar da matanmu da yawa ke sana'ar kitso, ta tashi a Alƙahira, iyayenta suka rasu tana ƙarama, ta yi rayuwar titi, daga baya ta gangara kudu zuwa ƙasar uwarta. Tana sarrafa iska da hadari da tsawa, kuma ta kai ga shugabantar ayarin gaba ɗaya. A yawancin zanen baƙa ce sosai mai farin gashi. Amma da aka zo fim, Halle Berry aka ba daga 2000 zuwa 2014, sannan Alexandra Shipp a 2016 da 2019, dukkansu masu hasken fata, kowacce mahaifiyarta farar fata ce. Ba na rage wa Halle Berry komai, ita ce baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Oscar ta gwarzuwar 'yar wasa a 2002. Sai dai yarinyar da ta riƙe littafin a hannu, ta ga mace mai kalar fatarta tana ba maza umarni, sannan ta je silima ta ga an haskaka ta, ta fahimci saƙon ba tare da kowa ya fassara mata ba.

Yaya, ka san kalar babbar 'yata, irin ta Baba ce. A makaranta ta ji maganganu kan fatarta daga yara farare, ta ji daga wasu baƙaƙen Amurka da ke tsokanar 'yan Afirka, sannan idan mun zo gida hutu sai wata ta dube ta ta ce kai, da ta ɗan yi haske da ta fi haka kyau. Mu ma a gida ba mu tsira daga wannan ciwo ba, dubi yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu. Saboda haka idan ka gan ta ta dage a zaure tana cewa wannan karon sai an ba baƙa, 'yar Afirka ta ainihi, ba maganar wofi take yi ba. Kanta take karewa, kuma ni ina bayanta.

Sunayen da suke jefawa ma ka lura da su. Cynthia Erivo, wadda aka haifa a Landan, iyayenta 'yan Najeriya ne, kuma ita da bakinta ta ce tana son matsayin. Ayo Edebiri, haifaffiyar Boston, mahaifinta ɗan Najeriya ne. Michaela Coel iyayenta 'yan Gana ne, shi ya sa yaran zango ke bayanta, kodayake ta riga ta fito a wani matsayin a Black Panther na biyu a 2022. Lupita Nyong'o ita ce 'yar Kenya, wasu na ganin da ita ta fi kowa cancanta, amma ta riga ta zama Nakia a Black Panther tun 2018. Duk 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura ne ko masu tushe a Afirka kamar yaranmu. Idan suna musu a kansu, suna kallon mutanen da iyayensu suka zo da jaka ɗaya kamar yadda muka zo, suka kai inda duniya ke kiran sunansu.

Akwai mummunan gefe, kuma yaran suna gani. Lokacin da aka ba Michael B. Jordan matsayin Human Torch a fim ɗin Fantastic Four na 2015, wanda farar fata ne a zane, zagin da aka yi masa a intanet na wariyar launi ne tsagwaronsa. John Boyega, ɗan iyaye 'yan Najeriya da ya tashi a Peckham, shi ma ya sha irinsa tun daga tallar farko ta Star Wars a 2014. Ɗana yana karanta irin waɗannan kalamai a ƙarƙashin bidiyo, yana da shekarun da zuciya ke saurin tafasa. Da a ce na haramta hirar a gidana, da can zai je ya yi ta shi kaɗai da baƙin da ba su san darajarsa ba. Gara ya kawo ta kan tabarmar cin abinci, babansa ya ji, ya gaya masa wanda ake ba amsa da wanda ake wucewa.

Ta fuskar addini ma suna da nasu fata. Marvel na da gwarzuwa Musulma, Kamala Khan, 'yar asalin Pakistan da ke zaune a Jersey City, tsallaken kogi da mu. Yarinyar da ta fito a matsayinta a 2022, Iman Vellani, ba 'yar fim ba ce a da. Masoyiyar littattafan ce a Kanada, wata gwaggonta ta turo mata sanarwar neman 'yar wasa ta WhatsApp, ta gwada, aka ɗauke ta. Babu yarinya Musulma a nan da ba ta san wannan labari ba. A cikin X-Men kuma akwai Sooraya Qadir, 'yar Afganistan mai sa niƙabi, da Idie Okonkwo 'yar Najeriya. Yaranmu na lissafa su cikin waɗanda suke so a gani a sabon fim ɗin, kuma suna tsoron kada a kawo Musulmar a cire mata suturarta ko a mayar da addininta abin tausayi.

Wani abu da zai ba ka mamaki: a littattafan Black Panther da Christopher Priest ya fara rubutawa a 1998, matan da ke tsaron sarkin Wakanda (ƙagaggiyar ƙasar Afirka a labarin), Dora Milaje, da sarki kaɗai suke magana, kuma da Hausa. Da aka zo fim sai aka ɗauki harshen Xhosa na Afirka ta Kudu. Ɗana ne ya nuna min shafin, yaron da sai na matsa masa yake amsa min da Hausa, ranar kuwa shi ne yake tambayata yadda ake faɗin abubuwa. Shekara nawa ina fama da shi kan harshen nan, abin da ya ja shi gare shi sai ya fito ta inda ban zata ba.

Yanzu batun sakewa da ka yi. Ba mu sake ba, kuma ga yadda muke yi. Asabar da Lahadi na Islamiyya ne, waya ba ta shiga aji. Wanda bai kawo haddarsa ba, ko sakamakon makaranta ya faɗi, babu silima gare shi. Muna duba alamar shekarun da aka sa wa fim. Yawancin na Marvel PG-13 ne, wato waɗanda ake jan hankalin iyaye a kansu idan yaro bai kai shekara 13 ba, waɗannan mukan je tare da su. Deadpool & Wolverine na 2024 alamar R gare shi, wato ta manya, saboda ashar da zubar da jini, gidaje da yawa a cikinmu ba su bar yara sun je ba duk da magiyar da aka sha. Tun 2015 birnin New York ya sa ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantun gwamnati, to bayan an sauko daga idi an ci abinci an gaida manya, iyaye biyu ko uku sukan kwashi yaran gidaje da yawa a kai su kallo idan akwai wanda ya dace. A watan Oktoba kuma ana babban taron masoya waɗannan labarai a zauren Javits da ke Manhattan, inda mutane ke shigar gwarzayen da suke so. 'Yan matanmu da ke zuwa ba sa cire hijabi. Mai son Storm sai ta sa farin hijabi a madadin farin gashin, da doguwar riga baƙa da mayafi, babanta ko yayanta na tare da ita.

Abin da na san zai fi damunka shi ne a labarin akwai inda mutane suka ɗauki Storm abin bauta saboda tana kawo ruwa. Mu ma ya dame mu, kuma ba mu kau da kai ba. Malaman Islamiyyarmu suna ɗauko maganar da kansu, domin sun san yaran sun gani. Ana gaya musu tun suna ƙanana cewa wannan ƙagaggen labari ne da wasu suka zauna suka zana don a saya, ruwa da iska da rai duk na Allah ne Shi kaɗai. A ƙasar da coci ke wannan kusurwa, wanda bai yarda da komai ba ke waccan, yaro ba zai rayu da rufe ido ba. Dole ya iya kallon abu ya ce wannan tatsuniya ce, wannan kuma imanina ne. Akwai gidajen da suka zaɓi hanawa gaba ɗaya, muna girmama su, kuma ba ma kai 'ya'yansu kallo a ɓoye.

Idan ra'ayina kake so kan wadda za a ba, ni ba na cikin masu kiran manyan sunaye. Na fi son su je Nairobi ko Legas ko Accra su nemo yarinyar da ba a sani ba, baƙa, mai harshen Afirka a bakinta ba na koyo ba, su ba ta fili ta girma da matsayin shekara goma ko fiye, kamar yadda aka yi wa Jackman. 'Yata ba ta yarda da ni ba, ita Erivo take so, ta ce muryarta kaɗai ta isa. Idan ka sake ganin sun fara a zauren, ka tambaye ta dalilinta, za ta ji daɗi ƙwarai a ce Kawu ne ya tambaya.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafar yana hanya.