Amsa ga 'yar'uwar da yaranta ke rera addu'a amma ba sa iya karanta Ibrananci

Allah sarki 'yar'uwa, tambayar nan taki kamar da bakina kika yi ta. Kin ce 'yan aji ɗaya da kike koyarwa a makarantar Yahudawa a nan Amurka suna rera addu'o'in Modeh Ani da Shema tiryan-tiryan, amma da kin ɗora yatsa kan harafi guda kin ce mene ne wannan sai a hau kallon-kallo, ga shi ana matsa miki a gama littafi kafin bikin Pesach, wato Idin Ƙetarewa. Don Allah kar ki bari waƙar nan ta ruɗe ki. Yaro ɗan shekara shida kunnensa ya riga idonsa, hadda ce kawai yake yi.

Ni abin da ya same ni har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Akwai wata yarinya a ajina mai zaƙin murya, ranar bikin da ake ba 'yan aji ɗaya siddur ɗinsu na farko, wato littafin addu'a, ita aka sa a gaba, uwarta har da hawaye. Tun kafin bikin Hanukkah nake gaya wa shugabar sashenmu cewa yarinyar nan bakinta ne ke tafiya, idonta ba ya kan shafi, kuma haruffan dalet da resh duk ɗaya ne a wurinta, a ba ni lokaci mu koma baya. Ta ce a'a, jadawali jadawali ne, iyaye kuɗi suke biya. To da aka shiga aji biyu malamar can ta buɗe mata tsakiyar littafi yarinya ta kasa ko layi ɗaya, sai aka kira ni ofis, uwar na zaune, shugabar nan ta dubi tsabar idona ta ce wai ƙila lafazina ne ya rikita yarinyar tunda ba a Isra'ila aka haife ni ba. Lafazi! Ni da na yi ta bin ta har bakin motarta ina roƙo. Ko kallona ba ta yi ba lokacin da take tattara takardunta, washegari kuma ta gaishe ni da fara'a kamar ba abin da ya faru. A mota na zauna na yi kuka mai isata, ban iya cin abinci ba daren nan. Wata dattijuwar morah, wato malama, da ta daɗe a makarantar ce ta same ni ta riƙe hannuna ta ce ta san gaskiya, Allah ya saka mata. Shi ya sa nake ce miki duk abin da kika lura da shi game da yaro ki rubuta a imel ki tura, ki ajiye kwafi, maganar baki iska ce ke kwashe ta.

Yanzu abin da nake yi, kowane yaro sai na zauna da shi shi kaɗai ko na minti biyu ne, in rufe hoton da tafin hannu, in ba shi gaɓoɓin da ba su da ma'ana don kar ya yi canki. Ki tuna yadda ake yi a makarantar allo, babbaƙu tukuna sannan farfaru, to nan ma haka ne, haruffa 22 ɗin nan su zauna daram, da biyar ɗin da ke canza kama a ƙarshen kalma, kaf da mem da nun da pe da tsadi, kafin ki jibga musu nikud, wato wasulla, gaba ɗaya. A wasullan ki fara da kamats da patah tunda a lafazin Isra'ila duka "a" ake karanta su, shva kuwa ki bar shi can gaba. Kuma kar ki haɗa masu kama da juna a sati ɗaya, bet da kaf, ko he da het, ko vav da zayin. Ni faranti nake cikawa da gishiri su zana da yatsa, sai in nuna musu ɗan dunduniyar da ta leƙo a bayan dalet wadda resh ba shi da ita. Ina kuma ɗiga koren maka a hannun dama na kowane layi, don da safe sun yi Turanci daga hagu, bayan cin abinci a ce su juya, dole kai ya ɗau zafi.

Iyaye za su roƙe ki ki rubuta musu da haruffan Turanci a ƙasa. Kar ki yarda, yaron ba zai sake kallon na sama ba.

Wani abu kuma, ki daina jin kin gaza. Ata da at, wato "kai" da "ke" na Ibrananci, da ke wahalar da yaran nan, mu da kai da ke muka tashi, namiji da mace a fi'ili ba baƙonmu ba ne. 'Ya'yan 'yan Isra'ila da ke ajin ma kar surutunsu ya tsorata ki, wasu bakin ne kawai, ki gwada su a karatu kamar kowa. Wanda kika ga yana fama har a ajin Turanci ki sa a duba shi da wuri, ba ƙiwa ba ce.

Farkon zango ma ai ba a samun karatun kirki, hutun bukukuwan Rosh Hashanah da Yom Kippur da Sukkot ya cinye shi, ki lissafa ranakun da suka tafi ki nuna wa masu matsa miki a rubuce idan suka sake kawo zancen jadawali. Af, kuma ki tambayi dokar kosher ta makarantarku, wato ƙa'idar abincin da ya halatta ga Yahudawa, kafin ki shiga da kular abincinki, wasu ko kilishi ba a shiga da shi aji. Ki gaya min yara nawa ne a hannunki kuma ko an fara musu rubutun hannu na ktav yad, in an fara tun yanzu ki roƙa a dakata har na ɗab'i ya zauna.