Me zan dafa wa kwalbar da ta haura shekara talatin?

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Ni kuku ne a gidan wani Bafaranshe da matarsa. Ranar Asabar mai zuwa zai yi baƙi huɗu, kuma ya ce zai buɗe musu kwalba biyu ta jar giyar inabi ta Bordeaux, wadda aka yi a 1990. Na tambaye shi abin da zan dafa, sai ya ce, "Abincin gida kawai, kada ka wahalar da kanka." Abin ya ɗaure mini kai. A ganina kwalbar da ake ta tattalinta haka ai da abinci mai yawan kayan haɗi ta dace. Ni ba na sha, balle in ɗanɗana in gane. Ina neman shawara.
Daga wani kuku.

AMSA: Ƙanena, maigidanka gaskiya ya faɗa maka, kuma ba raina hannunka ya yi ba. Na daɗe a kicin ɗin otal, na ga yadda ƙwararrun masu girki ke kashe tsohuwar kwalba da yawan gwaninta. Bari in fara da abin da ke cikin kwalbar, don shi zai nuna maka abin da za ka ɗora a wuta.

Bordeaux yanki ne a kudu maso yammacin Faransa. Jar giyarsa akasari daga inabi iri biyu ake yinta, Cabernet Sauvignon da Merlot. Tun a 1855, zamanin Napoleon na Uku, aka jera manyan gidajen inabin yankin daraja-daraja saboda baje kolin duniya da aka yi a Paris, har yau kuma da wannan jerin ake aiki. Shekarar 1990 tana cikin shekarun da inabi ya yi kyau sosai a can, shi ya sa ka ga yana ji da ita.

Lokacin da take sabuwa, irin wannan giya tana da bauri mai ɗaure baki. Baurin daga ɓawon inabin da ƙwayarsa yake fitowa, sai kuma gangar katako mai cin lita 225 da ake ajiye ta a ciki sama da shekara guda. Wannan baurin da ɗan tsamin da ke cikinta su ne suke hana ta lalacewa. Da shekaru suka yi ta tafiya, sai baurin ya lafa, wani sashensa ya kwanta a gindin kwalba ya zama guiɓi. Launin ma yakan sauya, daga ja mai duhu ya koma kamar na jan bulo. Ƙamshin ’ya’yan itace yakan ja baya, wani ya maye gurbinsa, mai kama da na fata da busasshen ganye da naman kaza (wato mushroom, tsiron nan mai kama da laima). Wannan ƙamshin baƙin za su zo nema, kuma ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Kamar dattijo ne mai magana a hankali: in aka cika surutu a ɗakin, ba wanda zai ji abin da ya faɗa.

To, ga abin da zan dafa da ni ne. Cinyar ɗan rago, a shafe ta da gishiri da man shanu da ’yar tafarnuwa kaɗan, a gasa a oben har bayanta ya yi ja cikin kuma yana da sauran ruwa. Mutanen yankin da kansu da naman ɗan rago suka fi haɗa ta, musamman a garin Pauillac. Dalilin kuwa shi ne kitse da tsokar nama suna tausasa sauran baurin da ya rage a baki. Idan ka sauke, ka bar naman ya huta minti 15 kafin ka sa wuƙa. Ruwan da ya taru a tiren gashin ka kwashe man da ke samansa, ka ɗan tafasa shi ya yi kauri, romonka ke nan, ba ya buƙatar ƙari. A gefe ka sa gasasshen dankalin turawa da naman kaza soyayye a man shanu. In ba a samu rago ba, gasasshiyar kaza ta wadatar.

Abin da za ka kiyaye ya fi abin da za ka zuba muhimmanci. Barkono mai zafi yana ƙara raɗaɗin giya a harshe, ya toshe ƙamshin gaba ɗaya. Ruwan khal da lemon tsami su ma haka, don haka kada ka kawo salak mai tsami tare da naman. Miya mai zaƙi tana sa giyar ta koma salam, har da ɗaci. Kuma ranar kada ka shafa turare, kada a kunna kyandir mai ƙamshi a ɗakin cin abincin. Kofunan gilashin ka ɗauraye su da ruwan zafi har ƙamshin sabulu ya fita sarai.

Mai yiwuwa shi zai buɗe kwalaben da hannunsa, amma yana da kyau ka san aikin. Shekarun nan duka a kwance suke a wuri mai duhu da sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14, don kada toshiyar bakin ta bushe. Tun ranar Alhamis ko Juma’a a tsayar da su, guiɓin ya sauka ƙasa. Kada ka girgiza su wurin ɗauka. Toshiyar da ta kai wannan shekaru tana da saurin marmashewa, sai an ja ta a hankali. Daga nan a juye giyar cikin tulun gilashi sannu-sannu, da fitila ko kyandir a ƙarƙashin wuyan kwalbar. Da an hango guiɓin ya taso wuya sai a tsaya. Wannan aiki daf da cin abinci ake yinsa, domin tsohuwar giya ba ta jimre iska, tana iya sanewa in ta daɗe a buɗe. A sha ta tana wajen digiri 16 zuwa 18, nesa da zafin murhu.

Batun rashin shanka kuwa, hancinka ya ishe ka. Wani lokaci toshiyar kan ɓata giya, sai ka ji tana warin jiƙaƙƙen kwali. In ka ji haka ka sanar da shi a keɓe kafin a zuba wa baƙi.

Ka tambaye shi ƙarfe nawa zai buɗe kwalba ta farko, ka ƙirga lokacin gashinka daga nan, don kada giyar ta zauna tana jiran nama. Bayan naman ka kawo burodi da cuku mai tauri irin su Comté, su ƙarasa abin da ya rage a kofunan da shi. Kayan zaƙi da kofi sai ka ga kofunan sun zama wayam.